Ƙashin Kunnen Barewa

Da hantsi baƙon ya iso Nasarawa Burkullu a kan babur, jaka a goye, ga wani akwatin katako ɗaure a baya. Shafi'u sunansa, mutumin Gummi, malami a jami'a can Sakkwato. Dakta ake ce masa, ko da yake ko allura bai iya yi ba. Abin da ya kawo shi kuwa, in ka ji sai ka ce zolaya ce: kawunan matattun namun daji yake nema. An faɗa masa duk ƙasar Bukkuyum ba wanda ya tara su kamar marigayi Namadi maharbi, shi ne yara suka rako shi har ƙofar gidan.

Hawwa'u, matar marigayin, ba ta ga abin damuwa ba da farko. Shekara biyu ke nan da rasuwar Namadi, ƙoƙunan kan nan suna rataye a tsohon ɗakinsa na kusa da zaure, na barewa da na gada da na mazo, har da na gwanki guda biyu, ba abin da suke tsinana wa kowa sai zama gidan zanzaro. Ta ce a kwashe har da igiyar. Ta dama fura ta aika, ta koma tsakar gida tana shiƙar gero.

Maza uku ne suka zauna a inuwar ɗakin, zana ce kawai tsakaninsu da ita. Ga Dakta, ga Mamuda ɗanta tilo, saurayi ɗan shekara ashirin, ga kuma Magaji ƙanen marigayin, wanda ba a gayyace shi ba, kuma dama ba a taɓa gayyatarsa ko'ina ba. Magaji in bai tsoma baki a maganar da ba tasa ba, ranar tuwo ba ya narke masa.

Ta kafar zana Hawwa'u ta ga Dakta ya kifa kan barewa a cinyarsa, ya sa wani ɗan zarto yana gurzawa ta gindin kunne, a hankali kamar mai yi wa jariri aski, har ya ɓalle wani ƙashi da bai fi ƙwallon dabino ba. Ya hure shi, ya ɗaga yana murmushi.

"Wanga ɗan abu kaz zaka nema tun daga Sakkwato?" in ji Magaji. "Ga ƙaho, ga haƙora, duk ba ka so?"

"Ƙaho maƙaryaci ne, Baba," Dakta ya ce. Ya zaro wani hoto daga jaka. "Duba nan. Wannan barewar ƙasashen sanyi ce. Namijinta ƙahonsa rassa yake yi kamar itace, kowace shekara ya faɗi, wani ya tsiro. Tamu kuwa ƙahonta ɗaya har ta mutu. To muna so mu san ina suka haɗa kaka, yaushe suka rabu, wace ce 'yar'uwar wace. Abokan aikina a Turai suna da na can, ni nake haɗa musu na nan, su sa a na'ura ta hasko cikinsa."

"Cikin mi? Ai dutse na."

"A cikin dutsen nan akwai wata 'yar hanya a murɗe kamar katantanwa, da zobba uku a kanta. Da ita dabba take ji, da ita take tsayuwa ba ta faɗi ba. Tun tana cikin uwarta ake gama ƙera mata ita, daga nan ba ta sakewa. Haƙori yana bin abinci, ƙafa tana bin ƙasar da ake takawa, launin fata yana bin daji. Amma wannan, abin da kakanni suka bari shi ne a ciki. Ko dabba ta yi kama da waɗanda take kiwo tare da su har ka kasa rarrabewa, in ka buɗe kunnenta za ka san gidan da ta fito. Kunne ba ya ɓoye asali."

Hannun Hawwa'u ya tsaya a sama da ƙwarya. Geron ya ci gaba da zuba shi kaɗai.

"Allahu akbar!" Magaji ya tafa hannu. "To Dakta, aiki ya samu. Duba muna kunnen Mamuda. An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, amma wanga ɗan maharbi ko zomo bai taɓa kamawa ba, in ya ga jini sai shi kau da kai. Kuma dube shi, dogo, hwari. Mu gidanmu duk gajeru na kamar turame."

Suka kwashe da dariya, har da Mamudan, don ya saba da bakin baffansa. Ya ce dama kunnensa na hagu yana damunsa, kwana huɗu ke nan tun ranar da aka yi casa, kamar wani abu ya shiga.

"Ni fa ba likitan mutane ba ne," in ji Dakta. "Amma ina da tocila da gilashin ƙara girma. In mun sauko daga La'asar sai in leƙa."

Kai, tsoro bai yi ba! Hawwa'u ta ajiye ƙwaryar. Ta zauna daɓas a kan turmin da ke kife, zufa na keto mata, alhali inuwa take ciki. Da wani ne ya ji zancen nan da ya yi dariya ya wuce, amma mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ga abin da ke cikinta shekara ashirin. A shekarar farin nan da shanu suka yi ta faɗuwa a kan hanya, ita da Namadi suna zaune su kaɗai a wata bukka a bakin daji, nesa da gari, saboda nama ya yi nisa. Can ta haifi ɗanta na fari, ba ungozoma, ba kowa. Kwanansa uku ya koma. Namadi ya rufe shi da hannunsa a gindin wata kanya. Washegari ya shiga daji, ba don farauta ba, don ya kasa zama ya ji kukanta. Da yamma sai ga shi ya dawo da wani abu a cikin rigarsa. Jariri ne, namiji. Ya tsince shi a jikin wata mata da ta mutu a kan burtali, ba mutum kusa, ba dabba, ba abin da zai nuna ko 'yar ina ce. Nonon Hawwa'u yana zuba, yaron yana neman mutuwa da yunwa. Ba su yi shawara ba, ba su ce uffan ba. Ranar bakwai suka shigo gari aka yanka rago.

Allah bai sake ba ta haihuwa ba. Da Namadi ya rasu aka zo rabon gado, malamai suka ce tunda akwai ɗa namiji, ƙane ba shi da komai. Gida da fadamar bakin gulbi, wadda Magaji ya daɗe yana lashe baki a kanta, duk suka zama na Mamuda, bayan an cire wa Hawwa'u tumuninta. Hawwa'u tana bayan ƙofa ranar, ta ji, ta yi shiru. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Namadi ya tafi da rabinsa na sirrin, ta rage ita kaɗai, har ta fara sakin jiki cewa da ita za a rufe shi. Yanzu ga wani ɗan boko ya zo da tocila.

In aka leƙa kunnen nan a gaban Magaji, to kafin Magariba gari ya ɗauka. Fadamar za ta tafi, wannan mai sauƙi ne. Amma sunan uba fa? Yaron da ke tafiya da kai a sama, a koma nuna shi da baki ana cewa tsintacce? Kuma shi kansa, da wane ido zai dube ta?

Ta miƙe ta ƙwala kira. "Kai! Zaka nan."

Mamuda ya shigo yana kakkaɓe hannu, ya durƙusa. "Ga ni, Inna."

"Tashi ka tai Zugu yanzu. An aiko ƙanwata Basira ba lahiya."

"Inna Basira? Ai shekaranjiya na gan ta kasuwa tana ciniki kamar za ta cinye mai kifi. Wa ya aiko?"

"Ni kaka tambaya wa ya aiko?"

"Yi haƙuri. Gobe da sassahe in tai. Yau ga baƙo a gida, in bar shi da Baba Magaji? Ai sai shi sayar mai da kan akuya shi ce na gwanki na."

Dariya yake yi. Ita kuwa kamar ta ɗora hannu a ka. Ƙarya ba sana'arta ba ce, guda ɗaya ta taɓa yi a duniya, kuma ita ce ke durƙushe a gabanta.

"To kwanta nan in gani. Kunnen da ni haihwa ba wani baƙon da zai gwada min shi."

Ta narka man shanu a cokali, ya ɗora kansa a cinyarta kamar yana ɗan shekara biyar. Ta kama kunnen ta ja shi wajen rana ta leƙa. Duhu kawai ta gani, da 'yar dauɗa. Amma ita ai ba ta da gilashi. Can ƙasan duhun nan, ta sani, katantanwar matar nan ta kan burtali tana nan a murɗe, ta yi shekara ashirin tana jira a zo a tambaye ta. Hawwa'u ta shagala da kallon har man ya zuba masa a wuya.

"Inna, lahiya? Jikinki da zahi."

"Rufe min baki."

Ta cusa auduga, ta ƙara wata, ta danna da ɗan yatsa har ya ce wash. Ta ce kada ya kuskura ya cire sai bayan kwana uku, kuma kada ya bari kowa ya taɓa. Ya ce to, irin to ɗin da yara ke yi wa tsofaffi, ya fita. Tana jin Magaji yana cewa, "Ah, an liƙe shaida ke nan?" Aka sake dariya.

Wasa yake yi? Ko ya san wani abu? Shekara ashirin tana auna maganganun mutumin nan, ba ta taɓa ganin gindinsu ba.

Aka yi Azahar. Ta tsaya salla ta rasa raka'a nawa ta yi, ta sake, ta sake rasawa. Ta aza tukunya ta manta da gishiri. Ta yi tunanin ta aika a sace tocilar, to wa za ta aika, ta ce masa me? Ta yi tunanin ta faɗi ta yi kamar ta suma, sai ta tuna hakan zai jinkirta abin ne zuwa gobe kawai. Ƙarar zarton nan kuwa ba ta tsaya ba, ƙurus, ƙurus, ƙurus, kamar a cikin nata kan ake yi. Duk ƙashin da ya cire sai Dakta ya sa shi a 'yar kwalba ya rubuta suna ya liƙa. Tana kallonsu a jere ta kafar zana: kowa an fito da shi daga inda ya ɓuya an rubuta masa ko shi wane ne. Inuwar katanga tana ta tsawo tana matsowa wajen ƙafarta. Ba ta taɓa ganin rana mai saurin ta yau ba.

Sai ladan ya kira La'asar.

Magaji ya miƙe yana miƙa, Mamuda ya bi shi. Dakta ya ce su yi gaba, zai rufe kwalaben ya wanke hannu ya same su. Hawwa'u ta ji takunsu ya fita zaure. Ta ja mayafi. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi.

Ta same shi a cikin ɗakin marigayin yana jera kaya a akwati. Ba ta yi sallama ba. Ta zube a ƙasa a gabansa, mace da ta girme shi a shekaru.

"Subhanallahi! Inna, tashi, me ya faru?"

"Don girman Allah, ɗana, don darajar iyayenka, kada ka duba kunnen yaron ga."

"Ai ba wani abu ba ne, Inna, leƙawa kawai zan yi. Ba zan sa masa ƙarfe ba."

"Na san abin da za ka gani."

"Me zan gani?"

Ta ɗaga kai ta dube shi. Fuskarsa ba komai sai mamaki, amma ita ta ɗauka irin ta masu ilimi ce, su sani su yi kamar ba su sani ba, sai ka faɗa da bakinka. Ta ce a ranta, ai tun da safe yake kallon yaron, wataƙila ma ya riga ya gane daga waje. Gara ta roƙe shi da gaskiya.

"In ka gani, ka yi shiru. Ka ce na Namadi na. Wallahi ba sato shi mun ka yi ba. Uwatai ta mutu bisa burtali, shi ko numfashi da ƙyar. Nawa ya rasu kwana guda kahin nan, mun ka rufe shi gindin kanya. Ni na shayar da shi, shekara biyu cur, nonona na cikin jininai. In katantanwar ta wata ce, sauran jikin nawa na. Magaji in ya ji, ya gama da mu. Shi ko yaron bai san komi ba, ka rufa min asiri kamar yadda..."

"Inna. Inna, tsaya!"

Dakta ya dafe kai da hannu biyu. Ya durƙusa shi ma, muryarsa ta yi ƙasa.

"Wayyo Allah, ni na jawo. Inna, ba a ganin ƙashin nan a jikin mai rai, yana can cikin ƙoƙon kai. Ko da an gani ma, barewa da gada yake rabawa, iri da iri, abin shekara miliyoyi. Ba ya raba ɗa da uba. Duk 'yan Adam namu kusan ɗaya ne, nawa da naki da na Bature. Da na leƙa kunnen Mamuda, ba abin da zan gani sai ƙaiƙayin gero."

Hawwa'u ta tsaya tana kallon bakinsa. Maganar ta shiga, amma ta ƙi zama. Ƙaiƙayin gero. Shekara ashirin ta riƙe, yunwa ba ta ƙwace ba, mutuwar miji ba ta ƙwace ba, malaman gado ba su ƙwace ba. Yau ba wanda ya tambaye ta, ita ta kwaso da hannunta ta zube a gaban baƙo.

"Abin da na ji ya mutu a ɗakin nan," in ji Dakta. "Na rantse miki da..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya wuce ta ya tsaya a bakin ƙofa.

Ta san ko wane ne tun ba ta juya ba. Mamuda ne tsaye, hannun riga a naɗe, ruwan alwala yana ɗiga daga gwiwar hannunsa. Ya dawo ne ya yi wa baƙo jagora zuwa masallaci. Audugar tana tafin hannunsa, ya cire ta don shafar kunne.

Ba wanda ya motsa. Hawwa'u ta so ƙasa ta tsage. Ta jira ihu, ta jira ya ce ƙarya ne, ta jira ya juya ya fita ba a sake ganinsa ba. Tsoron da ta yi tun hantsi duk wasan yara ne a kan wannan.

Ya shigo a hankali ya tsuguna, ba kusa da ita sosai ba. Bai dube ta ba, audugar yake kallo.

"Ita matar, an yi mata sutura?"

"Babanka ya koma ya yi mata." Ta ji kalmar ta fito, babanka, ta jira ya gyara mata. Bai gyara ba.

"Ba a san sunanta ba?"

Ta girgiza kai.

Ya juya audugar a tafin hannunsa. Daga masallaci ana jin tarin tsofaffi da jan tabarma.

"Shi wancan na gindin kanya," ya ce, "wane suna kun ka yi niyyar sa mai?"

Uwa ba ta kama sunan ɗan fari, kowa ya sani. Tunda aka raɗa wa yaron nan suna bakinta bai taɓa furta shi ba, ko a ɗaki ita kaɗai. Mutane suna yaba alkunyarta. Ita ta san ba alkunya ce kaɗai ba.

"Mamuda," ta ce.

Ya gyaɗa kai kamar wanda aka faɗa wa farashin hatsi. Hawaye ya gangaro masa ta gefe ɗaya, bai share ba.

Daga ƙofar gida muryar Magaji ta taso. "Mamuda! Za a tada salla!"

Yaron bai ɗago ba.

"Mamuda! Ko kunnen ya toshe gaba ɗai?"

Hawwa'u ta ɗago ta dubi yaron. Ta ƙura wa bakinsa ido, tana roƙon Allah abu guda, abin da ba ta da ikon roƙon yaron: ya amsa sunan nan. Dakta ya sunkuyar da kai. Takun Magaji ya shigo zaure, yana matsowa.

"Mamuda!"

Ya sa bayan hannu ya goge fuskarsa. Ya miƙe, ya kamo ta ta kafaɗa ya tashe ta daga ƙasa, ya gyara mata mayafin da ya zame. Sannan ya juya wajen ƙofa.

"Na'am, Baba," ya ce. "Ga ni nan tahe."